Sawun Wani Manomin Danmak a Tuddan Iowa

Wanda ya tashi daga birnin Omaha ya nufi gabas, da ya haye kogin Missouri ya bar jihar Nebraska ke nan, ya taka ƙasar Iowa. Council Bluffs ne garin farko, daga shi kuma sai gonaki iya ganinka. Babbar hanya mai lamba 80 ce ta ratsa su, masara a dama, waken suya a hagu, in an jima su yi musanya. Ana yawan cewa Iowa shimfiɗaɗɗen fili ce, amma yammacinta ba haka yake ba. Tudu ne da gangare, a hau a sauka, manoma kuma sun zagaye tuddan da manyan kunyoyi don kada ruwan sama ya kwashe musu ƙasa. A bisa tuddan fankokin iska ne ke juyawa, irinsu ne ke samar da fiye da rabin wutar lantarkin jihar. Bayan tafiyar kamar awa guda a mota muka sauka daga babbar hanya muka yi arewa, ba mu jima ba sai ga Elk Horn, ƙauyen da mutanensa ba su wuce 600 da 'yan kai ba.

Wani dattijo ne ya gayyace ni, manomi da ya ajiye aiki, wanda wani abokina malamin jami'a ya haɗa mu. Ya yi mini alkawarin in na zo zai nuna mini yadda gidansu ya faro a Amurka. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don ba sarauta suka yi ba, ba su kuma nemi a san su ba. Kakan mahaifinsa ne ya zo daga Danmak a shekarun 1880, saurayi ɗan barema, ba shi da ko taku ɗaya na gona. Masu irin labarinsa dubbai ne a wannan yanki. Elk Horn da ke gundumar Shelby da maƙwabciyarta Kimballton da ke gundumar Audubon, waɗanda tsakaninsu bai wuce kilomita 5 ba, su ne cibiyar matsugunin karkara mafi girma da 'yan Danmak suka kafa a duk Amurka.

Tun kafin a shiga gari ake hango injin niƙa mai aiki da iska, fukafukansa huɗu sun zarce rufin kowane gida. A 1848 aka gina shi a garin Nørre Snede na yankin Jutland, ya yi shekaru yana niƙa wa manoman can hatsi. A 1975 wani manomin Elk Horn mai suna Harvey Sornson, da ya ga irin waɗannan injuna suna ruɓewa a Danmak, ya kawo shawarar a sayo ɗaya. Aka kwance shi katako bayan katako, kowane da lambarsa, aka yo jigilarsa ta teku, mutanen gari sama da 300 suka yi gayya suka sake tayar da shi a 1976. Har yau yana niƙa in iska ta kaɗa. Mai masaukina yana cikin waɗanda suka ɗauki katako a lokacin. Da muka hau matakalar ciki ya dafa dutsen niƙan ya ce mini kakan nasu ya sha kai hatsi irin wannan wuri, sai dai ko sau ɗaya buhun bai taɓa zama nasa ba, na ubangidansa ne.

A gidan dattijon na ga shaidar wannan magana. Akwai wani akwatin katako mai maɗaurin ƙarfe a falonsa, an rubuta sunan mai shi da fenti a gefe, da sunan jihar da ya nufa. Ciki akwai Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin coci, dukansu da harshen Danmak, sai wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba. Shi ne littafin barantaka. Daga 1832 doka ta wajabta wa duk mai aiki a ƙarƙashin wani ya riƙe irinsa. Yaro yakan karɓi nasa bayan an tabbatar da shi a coci, yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka, daga nan duk gidan da ya shiga a rubuta ranar shigarsa, in ya fita a rubuta ranar fita. Sau biyu a shekara ake sauya ubangida, 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba. Dokar barori ta 1854 har ta yarje wa maigida ya doki baransa in bai balaga ba, kuma sai a 1921 aka soke ta. Na buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya: gida kaza shekara ɗaya, gida kaza shekara biyu, duk a cikin ƙauyuka maƙwabta. Ƙuruciyar mutum ke nan kacokan, an rubuta ta da hannun waɗanda suka ci guminsa.

Don a gane abin da ya tashe shi, sai an san yadda ƙauyen Danmak yake a wancan ƙarni. A sama akwai mai gandu, wanda gonarsa ta isa ta riƙe dawakin huɗa da barori. A ƙasa da shi akwai mai ɗan gida da 'yar gayauna, wanda dole ya haɗa da ƙodago kafin ya ci da iyalinsa. A can ƙasa kuma sai barori. A 1788 aka fara soke dokar da ta ɗaure talakan ƙauye a ƙasar ubangijinsa, gyare-gyaren da suka biyo baya kuma suka mayar da manoma da yawa masu mallakar gonakinsu. Amma masu gandu ne suka fi cin moriyar abin. Gandu kuwa ba a cika raba shi ba, ɗa ɗaya ke gajensa, sauran su nemi abin yi. Ga shi kuma jama'a na ta ƙaruwa: a 1801 mutanen ƙasar ba su kai miliyan 1 ba, a 1901 sun kusa miliyan 2 da rabi. Baki ya yi yawa, gona ba ta ƙaru ba. Ɗan mai gayauna yana iya yin shekara ashirin yana tara ladan barantaka bai sayi filin da zai ɗaure saniya biyu ba, wanda ba shi da fili kuwa aure ma sai ya yi ta jira.

Sai kuma yaƙi ya ƙara dagula lamarin. A 1864 Prusiya da Ostiriya suka ci Danmak da yaƙi, suka karɓe Schleswig da Holstein da Lauenburg. Arewacin Schleswig masu magana da harshen Danmak ne, suka wayi gari a ƙarƙashin mulkin Jamusawa, ana kiran samarinsu aikin soja a rundunar da ta yaƙi iyayensu. Dubban samari suka gwammace su bar ƙasar, kuma sai a 1920 ƙuri'ar raba gardama ta mayar da yankin ga Danmak. Da yawa daga cikin maƙwabtan kakan mai masaukina a Iowa irin waɗannan ne. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Ita kuwa Amurka kira take yi. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar da ta ba duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5 damar mallakar eka 160, wato kimanin hekta 65. A Jutland mai irin wannan fili babban mutum ne. Dillalan kamfanonin jiragen ruwa da na layin dogo suka bazu ƙauyuka suna raba takardun talla. Amma abin da ya fi talla ƙarfi shi ne wasiƙar ɗan'uwa. Tun 1814 Danmak ta wajabta karatun firamare, don haka ko bara yana iya karanta wasiƙa da kansa, ya kuma ba da amsa. Yayan kakan nasu ne ya riga shi tafiya, ya yi aiki ya tara kuɗi, ya sayi tikiti daga can ya aiko masa. Haka ƙauyuka suka riƙa zarewa, wa ya jawo ƙane, ƙane ya jawo budurwarsa, ita kuma ta jawo ƙanwarta.

Washegari muka tafi cibiyar binciken nasaba da ke kan babban titin garin, wadda ke ƙarƙashin gidan tarihin 'yan Danmak na Amurka. An kafa gidan tarihin a 1983, aka buɗe gininsa a 1994. Wata dattijuwa mai aikin sa kai ta nuna mini yadda suke bin sawun mutum. Abin mamakin shi ne 'yan sanda ne suka fi kowa taimakon masu neman asalinsu. Saboda yadda wasu dillalai ke damfarar matafiya, a 1868 Danmak ta yi dokar da ta ce duk tikitin ƙaura sai an yi rajistarsa a ofishin 'yan sandan Kopenhagen. Magatakarda ya rubuta suna, da shekaru, da sana'a, da garin da mutum ya baro, da inda ya nufa. Waɗannan kundaye ne masanin tarihi Kristian Hvidt ya tace, ya nuna cewa rukuni mafi girma a cikin matafiyan ma'aikatan gona ne marasa fili, galibinsu matasa. Yau ma'adanar tarihin ƙaura da ke birnin Aalborg, wadda aka kafa a 1932, ta sa sunayen a intanet. Daga shekarun 1860 zuwa yaƙin duniya na ɗaya kusan mutum 300,000 suka bar Danmak zuwa Amurka, sama da 80,000 daga cikinsu a shekarun 1880 kaɗai.

Aikin ba shi da sauƙi, in ji ta, saboda sunaye. A karkarar Danmak yaro sunan ubansa yake ɗauka: ɗan Jens ya zama Jensen, ɗan Hans ya zama Hansen. Dokokin 1828 da 1856 sun nemi kowane gida ya tsaya kan suna ɗaya, amma mutanen ƙauye sun daɗe ba su saki tsohuwar al'ada ba. Ga kuma al'adar mayar wa jariri sunan kakansa, ko sunan wansa da ya rasu. Sai a sami masu suna iri ɗaya birjik a ƙauye guda. In sun iso Amurka kuma mai ƙidaya ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Saboda haka ba a dogara da takarda ɗaya. Sai an haɗa rajistar 'yan sanda da littafin coci, inda fasto ya rubuta haihuwa da baftisma da aure da mutuwa, a haɗa da takardun ƙidaya da jerin samarin da aka rubuta don aikin soja. In ranar haihuwa da sunan ƙauye suka zo daidai a wurare uku, to an kama mutum. A kwafin da ta nuna mana, layi ɗaya tak kakan nasu ya ci: sunansa, shekarunsa, ma'aikacin gona, Iowa.

Hanya biyu ake bi a lokacin. Mai araha ita ce a hau ƙaramin jirgi zuwa Hull a Ingila, a shiga jirgin ƙasa zuwa Liverpool, daga can a hau babban jirgi. Ɗayar kuwa ta kamfanin Thingvalla ce, wanda daga 1880 yake ɗaukar mutane kai tsaye daga Kopenhagen zuwa New York, tafiyar kimanin mako biyu, talakawa a can ƙasan jirgi. Ba a Ellis Island kakan nasu ya sauka ba, don sai a 1892 aka buɗe ta. Masu zuwa kafin 1890 a Castle Garden ake tantance su, a bakin tsibirin Manhattan. Daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Chicago, wani ya ɗauke shi zuwa tashar garin Atlantic da ke kudu da Elk Horn. Ragowar tafiyar a keken doki aka yi ta, shi da akwatinsa.

Gonar kyautar da ake ta labari bai same ta ba. Kafin ya iso, filayen yammacin Iowa sun riga sun shiga hannu. Tun 1856 gwamnati ta ba da filaye masu yawa don a shimfiɗa layin dogo, layin kamfanin Rock Island ya isa Council Bluffs a 1869, kamfanoni da 'yan kasuwa kuma suka riƙa sayar da filin a kan bashi. Mai son na kyauta sai ya ƙara gaba zuwa Nebraska ko Dakota. Shi dai ya tsaya kusa da wansa, ya hau tsanin da kusan kowa ya hau: ya fara da barema a gonar wani, ya koma haya yana raba amfanin gona da mai fili, daga bisani ya ba da kafin alƙalami ya karɓi eka 80. Bambancin da ke tsakanin nan da gida shi ne a nan tsanin yana da ƙarshe. Takardar cinikin tana nan a cikin akwatin, an naɗe ta a tsumma. Mai masaukina ya ce wannan ce takarda ta farko da kakan nasu ya sa wa hannu a matsayin mai abu.

Filin kuwa ba daga sama ya faɗo ba, yana da masu shi. Ƙabilun Ioway da Otoe sun zauna a wannan yanki. A shekarun 1830 gwamnati ta kwaso mutanen Potawatomi daga wajen tafkin Michigan ta zube su a nan, sannan yarjejeniyar 1846 ta sake tura su Kansas, a shekarar da Iowa ta zama jiha. Wanda rashin gona ya kora daga ƙasarsa ya sami gona ne a inda aka kori wasu. Wannan ɓangaren ba ya cikin akwati, amma dattijon bai ɓoye shi ba da na tambaya.

A bayan gidan tarihin an keɓe fili an mayar da shi yadda ƙasar take kafin garma ta taɓa ta. An sa masa sunan Jens Jensen, mai tsara lambuna da aka haifa a 1860 kusa da Dybbøl, inda aka gwabza yaƙin 1864, wanda ya zo Amurka a 1884 ya yi suna da lambunan Chicago. Na shiga ciyawar, wata ta fi ni tsayi. Saiwoyinta sun sarƙe a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa huɗar farko sai da garmar ƙarfe da shanu da yawa a jere. Abin da ya rage na wannan dajin ciyawa a Iowa yau bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A gefen filin akwai wata 'yar bukkar katako da aka ɗauko daga kusa da Kenmare a Dakota ta Arewa, ta wani mai wa'azi kuma malami, Jens Dixen, wanda ya zauna cikinta a farkon ƙarni na 20, ɗalibansa suna kwana a saman silin. Taku kaɗan ya kai ni daga bango zuwa bango. Wanda ya shiga cikinta ya tuna sanyin ƙasar, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Da gona ta samu sai aure. Kakan nasu ya aika wa wadda ya bari a gida tikiti, ita ma baranya ce mai tatsar shanu. Dattijon ya nace a kan cewa in ana maganar wanda ya biya bashin gonar, to a fara da ita. Masara da aladu sau ɗaya a shekara suke kawo kuɗi, su kuma na mai bashi ne. Man shanu da ƙwan da take kaiwa kanti kowane mako su ne suke sayo gishiri da kananzir da yadi. Wahala kuwa ba su rasa ba. Waɗanda suka riga su zuwa sun sha fama da fara a shekarun 1870. A ranar 12 ga Janairun 1888 guguwar ƙanƙara ta afka wa Nebraska da Dakota da maƙwabtansu da rana tsaka, ta kashe sama da mutum 200, da yawansu yara ne da ke komawa gida daga makaranta. A shekarun 1890 farashin masara ya faɗi har wasu manoma suka riƙa ƙona ta a murhu, don ta fi gawayi araha. A maƙabartar coci dattijon ya nuna mini kabarin mutanen biyu, rubutun dutsen da harshen Danmak. Kusa da su akwai ƙananan duwatsu biyu, 'ya'yansu ne da mashaƙo ya ɗauke a hunturu guda.

Akwai wani juyi a labarin da ya sa na daɗe ina tunani. Hatsin da irin waɗannan baƙi suka noma a Amurka, jiragen ƙasa da na ruwa suka kwashe shi zuwa Turai da araha, ya karya farashin hatsi a Danmak, ya ƙara tura wasu barorin kan hanya. Manoman da suka rage suka ga hatsi ba zai fisshe su ba, sai suka koma ciyar da shi ga dabbobi, suna sayar wa Ingila man shanu da naman alade. A 1882 manoman Hjedding a yammacin Jutland suka kafa masana'antar madara ta gama kai ta farko a ƙasar, a 1887 aka kafa mayankar gama kai ta farko a Horsens. Ta wannan hanya ƙaramin manomi ya fara samun farashi ɗaya da mai gandu. Wato waɗanda suka tafi suna da hannu, ba da saninsu ba, a gyaran ƙasar da ta kasa riƙe su.

Daga maƙabarta muka wuce Kimballton, wadda aka kafa a 1883. A tsakiyar garin akwai mutum-mutumin 'yar ruwa, kwafin wanda ke bakin teku a Kopenhagen. A kan hanya dattijon ya ba ni labarin rigimar da ta raba garuruwan biyu. A 1878 aka buɗe makarantar manya a Elk Horn, irinta ta farko a Amurka, bisa tafarkin N. F. S. Grundtvig, malamin da ya koyar da cewa a ilimantar da manomi da tarihi da waƙa da harshen uwa, ba don jarrabawa ba. Mabiyansa suna ganin riƙe harshe da al'ada ɓangare ne na ibada, suna rawar gargajiya, suna waƙe-waƙe. Ɗaya ɓangaren kuwa tuba da tsoron Allah suka sa gaba, ba rawa, ba karta, ba giya. Aka yi wa na farko laƙabi da masu fara'a, na biyu masu tsarki. A 1894 cocin ya dare gida biyu. Elk Horn ta bi masu tsarki, Kimballton ta bi masu fara'a. Kowane ɓangare da kwalejinsa: Dana a garin Blair na Nebraska, wadda aka rufe a 2010, da Grand View a Des Moines, wadda aka kafa a 1896. Kakan mai masaukina, ɗan fari ga baƙon, 'yar Kimballton ya aura, aka yi shekaru surukai ba sa zama a benci ɗaya. Sai a 1988 zuriyar cocin biyu suka sake haɗuwa a inuwa guda, lokacin da babu sauran mai tuna abin da aka yi faɗa a kai sai tsofaffi.

Harshen da aka yi wannan rigima dominsa bai daɗe ba. Suna da jaridarsu, Den Danske Pioneer, wadda aka fara bugawa a Omaha a 1872, suna wa'azi da ciniki da harshensu. A watan Mayun 1918, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, gwamnan Iowa William Harding ya ba da sanarwar hana magana da kowane harshe in ba Ingilishi ba, a makaranta, da jirgin ƙasa, da taron jama'a, da coci, har da wayar tarho. Jamusawa aka nufa, amma ta haɗa da kowa, har da mutanen Schleswig da suka gudo don kada su sa kakin Jamus. An janye sanarwar a ƙarshen shekarar, sai dai tsoron ya riga ya shiga. Mahaifin mai masaukina, wanda aka haifa a wannan tsakanin, da Ingilishi aka rene shi. Iyayensa ba sa juyawa zuwa harshen Danmak sai in suna maganar da ba sa so yara su ji. Wasiƙun da ke cikin akwatin, sai da dattijon ya kai su cibiyar nan aka karanta masa.

Ita ma gonar ta sauya. Mahaifinsa ne ya sayar da dawaki ya sayi tarakta, ya haɗiye gonar maƙwabcin da ya koma birni. Shi kansa ya tsallake rikicin bashi na shekarun 1980 da ƙyar, lokacin da kuɗin ruwa ya hau, farashin fili ya faɗi, bankuna suka yi gwanjon gonakin mutane da yawa. A 1900 Iowa tana da gonaki sama da 200,000, yau ba su kai 90,000 ba. A bakin hanyar gidansa akwai allon da jihar ke ba iyalin da suka riƙe aƙalla eka 40 na gona har shekara 100, tsarin da aka fara a 1976. Yana alfahari da allon. Amma 'ya'yansa ɗaya tana Des Moines, ɗaya yana Omaha, babu mai niyyar dawowa. Wani maƙwabci ne ke hayar filin, da injin girbi guda yake gama abin da a da sai gida goma sun taru.

Abin da ya rage a bakin jikoki shi ne abinci. Matar gidan ta soya mana wani cincin mai laushi, kewayayye, da suke kira æbleskiver, a kasko mai ramuka sak tandar waina, tana juya kowane da tsinke. Ana cin sa da suga da dafaffen 'ya'yan itace. A ƙarshen watan Mayu garin yana bikin Tivoli Fest, zuriyar da ta warwatsu ta dawo, a ɗaga tutar Danmak ja mai farin gicciye, a yi rawar da kakanninsu masu tsarki suka haramta. A can Danmak ma tun 1912 ake taruwa a tuddan Rebild kowace 4 ga Yuli don tunawa da waɗanda suka tafi.

In aka auna, baƙon ya sami abin da ya fito nema. Ya mutu a gonarsa, babu wanda ya sake rubuta masa ranar shiga da ranar fita. Kuɗin da aka biya shi ne harshe, da dangin da bai sake gani ba, a ƙarshe kuma ita kanta gonar tana shirin fita daga hannun zuriyarsa. Amma tarihinsa bai ɓata ba, alhali shi ba sarki ba ne, ba malami ba, ba attajiri ba. Fasto ya rubuta haihuwarsa, ɗan sanda ya rubuta fitarsa, matarsa ta adana wasiƙu, tattaɓa kunnensa kuma ya ɗauki wahalar haɗa su wuri ɗaya. Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya san garin da kakanninku suka taso, da abin da ya tashe su, da wanda ya fara saran gonarku, ka zauna da shi tun yana da ƙarfin magana, ka rubuta sunaye da garuruwa, ka adana takardun gona da wasiƙu inda gara ba za ta ci ba.